Yadda mai ciki za ta tsara ibadarta da karatunta, daga ɓatan wata har zuwa arba'in

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun ranar da muka kai babin haila da biƙi a ajin matan aure tambayoyi ba su tsaya ba, wata ta tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi, wata ta kira da daddare tana magana ƙasa-ƙasa kada maigida ya ji, kuma kusan duk tambayar guda ce, Malama ina da ciki, me zan fara yi, wace sura zan karanta, sallar nan da nake yi a zaune ta yi kuwa? To shi ne na ce bari in zauna in jera abin daki-daki yadda ciki yake tafiya, domin abin da na lura da shi shi ne yawancinmu ba ƙin sani muke ba, makara muke yi, sai abu ya faru sannan a tashi neman hukuncinsa. Karatun da zan kawo a kan mazhabar Malikiyya yake wadda muka tashi a kanta, inda akwai saɓani zan faɗa.

1. Ranar da kika ga ɓatan wata

Abu na farko ki nemi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare ma ya isa, ki rubuta ranar da hailarki ta ƙarshe ta fara. Da watan Bature da na Musulunci duka. Wannan layi ɗayan zai yi miki aiki sau uku: ma'aikaciyar asibiti da shi za ta lissafa miki watan haihuwa, malama da shi za ta ba ki amsa in kin ga jini, ke kuma da shi za ki gane ko Ramadan zai same ki da ciki wata nawa. Mata nawa ne in an tambaye su sai su ce "wajen Sallar layya ne dai", toh wajen ba lissafi ba ne.

Sai godiya ga Allah da addu'a. Ba sai kin je wajen kowa ya ba ki laƙani ba, addu'o'in suna cikin Alƙur'ani. Ta Annabi Zakariyya a Ali Imrana aya ta 38, "Rabbi hab li min ladunka zurriyyatan ɗayyibatan innaka sami'ud du'a". Ta Annabi Ibrahim a Saffati aya ta 100, "Rabbi hab li minas salihin", gajeruwa ce ko kina kan tuƙin tuwo kya iya yinta. Sai ta Furƙan aya ta 74 da ta Suratu Ibrahim aya ta 40. Ki riƙe biyu ki dinga yi a sujada da bayan sallah, ya fi ki tara goma ki bar su a takarda.

Hattara: kunyar cikin fari tarbiyya ce mai kyau, ba sai duniya ta sani ba, ba sai an saka a waya ba. Amma mutum uku kada ki ɓoye musu, mijinki, mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita, da ma'aikaciyar lafiya. Sannan duk wani magani da kike sha, na kemis ne ko na gargajiya, ki dakata sai kin tambaya a asibiti.

2. Yanki katin awo kafin wata uku ya cika

Na sa wannan gaba da karatu da gangan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, kuma ya ce wa mai raƙuma ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Cikin nan amana ce a jikinki, awo yana cikin riƙon amanar.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 shawararta zuwa awo sau 8, na farko cikin sati 12 na farko. Za a auna hawan jini, a duba yawan jininki da rukuninsa, fitsari, a ba ki ƙwayar ƙarin jini da folik asid, a yi miki allurar tetanus, daga wata na huɗu a fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, aƙalla sau 3. Ki kwana a gidan sauro. Kuɗin da za ki tanada na kati ne, da gwaje-gwajen ranar farko waɗanda su suka fi cin kuɗi, da hoton ciki, da kuɗin mota na kowane zuwa. Asibitin gwamnati na unguwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk wannan a wuyan maigida yake, Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 a ciyar da masu ciki har su haihu, wannan ma a kan wadda aka saka ake magana, balle ke da kike ɗakinki.

Hattara: ƙwayar ƙarin jini tana sa bayan gida ya yi baƙi, ba cuta ba ce, kada ki zubar da ita. Kada ki sha ta da shayi, yana rage mata aiki.

3. Samo malama, ki bi karatun a jere

Nan ne zuciyar maganar. Cikin wata tara akwai hukunce-hukuncen da dole za su same ki, kuma akwai jerin da suke zuwa, to ki karanta kowanne kafin lokacinsa ya zo.

Kayan aiki ba su da yawa. Ahalari ko Ishmawi don tsarki da sallah, Iziyya ko Risala in kin yi nisa, Hisnul Muslim ɗan ƙaramin na aljihu mai fassarar Hausa, Alƙur'ani mai manyan baƙi saboda ido yakan gaji, da tarjamar Hausa irin ta Sheikh Abubakar Gumi in akwai a gidan. Ahalari da Hisnul Muslim tare ba su kai kuɗin atamfa ɗaya ba, a bakin masallacin Juma'a ma ana samu. In kina zuwa Islamiyya kada ki daina don ciki, ki dai gaya wa malama a keɓe ta ba ki wajen zama kusa da ƙofa inda akwai iska. In laulayi ya kwantar da ke, ki roƙi wata ɗaliba 'yar unguwarku ta dinga biyo miki sau biyu a sati, minti talatin ya isa, ki dinga yi mata ɗan ihsani. Karatun mata gida-gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, haka jajis, wato malamai matan da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta koyar, suka riƙa kai wa mata karatu har ƙauyuka.

Jerin shi ne: wata na 1 zuwa 3, alwala da abin da ke warware ta, najasa, taimama, sallar mara lafiya. Wata na 4 zuwa 6, haila da jinin cuta da biƙi, sai azumi. Wata na 7 da 8, hukuncin jariri, suna, yanka, shayarwa. Wata na 9 ba na sabon karatu ba ne, na tilawa ne da maimaici, lokacin zama ma wahala yake.

Duk tambayar da ta faɗo miki ki rubuta a littafin nan naki, in kun haɗu da malama ki karanto. In kunya ta hana ki faɗa ki miƙa mata takardar. Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Hattara: saƙon da ake turowa a WhatsApp ba malami ba ne. Duk abin da aka ce "Annabi ya ce" ba a faɗi wanda ya ruwaito ba, ki kai wa malama kafin ki yi aiki da shi ko ki tura wa wata.

4. Sallah cikin laulayi da nauyi

Ciki ba ya sauke sallah, amma an sauƙaƙa yadda ake yinta. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari shi ne ma'auni: yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Kin ga a jere suke, ba zaɓi ba ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta ɗauko kujera tun kabbarar farko ta zauna har sallama alhali tsayuwa ba ta gagare ta ba, sujada ce kawai take mata wuya. In kina iya tsayuwa ki yi kabbara da Fatiha a tsaye, ki yi ruku'u gwargwadon iko, in an zo sujada ki zauna ki yi nuni, ki sunkuya fiye da yadda kika yi a ruku'u. Ba sai kin ɗora filo kin kai goshi ba. In kuma jiri kike ji da kin miƙe, toh zauna abinki, ladanki cikakke ne insha Allahu. Ki buɗa gwiwoyi a sujada don cikin ya samu wuri, babu laifi.

Amai ba ya karya alwala a Malikiyya, ki wanke baki kawai, in ya canza daga kamannin abinci ya taɓa tufafi ki wanke wajen. Fitsarin da ke ɗiga in kin yi tari ko atishawa a watannin ƙarshe yana karya alwala in jefi-jefi ne, ki ware zani da ɗan kamfai na sallah. In ya zama yoyo ne da yake cin rabin lokaci ko fiye, hukuncinsa ya sauya, ba ya karya alwalar, an so dai ki sabunta. Ranar da jiki ya yi nauyi sosai kina iya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta ki yi ta, la'asar na shiga ki yi, alwala ɗaya tashi ɗaya, haka magariba da isha'i.

Asuba ita ce ake yawan rasawa saboda barcin mai ciki nauyi gare shi. Ki sa ƙararrawar waya, ki ajiye buta kusa, ki ce wa maigida in zai fita masallaci kada ya tafi sai ya ga kin zauna.

5. In kin ga jini

Asibiti tukuna, fatawa daga baya. Ko ɗigo ne, ko wane wata ne, kada ki zauna kina lissafin sallah jini na zuba. Bayan an duba ki sai maganar hukunci. A Malikiyya mai ciki tana iya yin haila, in jinin ya zo da kamannin haila ana ba shi hukuncinta, kuma kwanakin da ake zama suna ƙaruwa gwargwadon girman cikin. Hanafiyya da Hambaliyya suna ganin mai ciki ba ta haila, jinin cuta ne, ta wanke ta yi alwala ta yi sallah. Shi ya sa nan wajen ba na son mace ta yanke wa kanta, ki je wa malama da abu uku, watan cikin, kalar jinin da kwanakinsa, da abin da likita ya ce shi ne sanadi. In likita ya ce daga mahaifa ko wani rauni ne, wannan bayanin yana canza amsar.

6. Azkar da karatun Alƙur'ani

Ki gina abin da za ki iya riƙewa kullum. Safe da yamma: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku-uku, "Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un fil ardi wa la fis sama'i wa huwas sami'ul alim" sau uku. Da yamma ki ƙara "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma halaƙ". In za ki kwanta, Amanar Rasulu zuwa ƙarshen Baƙara, ki tofa ƙulaƙuzai a tafin hannu ki shafe jikinki har cikin. Duka ba su kai minti goma ba. Wannan shi ne tsarin da ya tabbata, kuma wallahi matan da suke yawan firgita da mugun mafarki in suka lizimce shi da kansu suke dawowa su ce sun samu natsuwa.

Alƙur'ani kuma ko shafi ɗaya bayan asuba, ki ɗaga murya kaɗan. Wajen wata na shida ɗan da ke ciki yana jin sauti, muryarki ce ya fi ji. In cikin ya cika kwana 120 ki koma ki karanta hadisi na 4 a Arba'una Hadisi, na Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda ya yi bayanin kwana arba'in-arba'in sau uku sannan a aiko mala'ika ya busa rai, a rubuta arziki da ajali da aiki da ko ɗan aljanna ne ko akasin haka. Ni dai duk cikin da na yi in na zo nan sai na ji addu'ata ta canza, kin san yanzu mutum ne kike ɗauke da shi. Ba a shar'anta wata walima ko sallah ta musamman don wannan ranar ba, addu'a dai da sadaka in da hali kamar kowane lokaci.

Hattara: jadawalin nan da yake yawo, wata na ɗaya sura kaza, a karanta Yusuf don ɗa ya yi kyau, Maryam don naƙuda ta zo da sauƙi, Luƙman don ya yi hikima, babu ingantaccen hadisi a kansa. Karanta su, Alƙur'ani ne duk albarka ne, Suratu Maryam ma tana sanyaya zuciyar mai ciki in kin bi ma'anarta, amma kada ki jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba.

7. In Ramadan ya same ki

Sati biyu ko uku kafin ganin wata ki tambaya a wajen awo ko jikinki zai ɗauka. Mai hawan jini, ciwon suga, sikila, ƙarancin jini, tagwaye ko aman da ba ya tsayawa, yawanci za a ce ta sha, kuma shan nan ba raunin imani ba ne, hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi ya nuna Allah ya sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa azumi. In an ce kina iyawa, ki jinkirta sahur, ki sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, ki rage aikin rana a gaban murhu. Da kin ji jiri, ko fitsari ya yi duhu ya ragu, ko motsin yaro ya ja baya, ki karya a take ko saura awa ɗaya a sha ruwa.

Lissafin ramuwa a Risala a fili yake. Mai ciki da ta sha don tsoron abin da ke cikinta ramuwa kawai za ta yi a zance mafi shahara. Mai shayarwa ramuwa da ciyarwa, mudun Annabi ɗaya na hatsi kowace rana, wato cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba mudun kasuwa ba. Kwana 30 mudu 30 ke nan, sa'i bakwai da rabi. Ki rubuta kwanakin a littafinki ranar da kika sha su. Mace ta yi ciki, ta yi goyo, ta sake ciki, shekara huɗu ta wuce ta rasa ko nawa ake binta, wannan na gani ba sau ɗaya ba. Ki fara ramawa lokacin sanyi, rana gajera, Litinin da Alhamis.

8. Tace al'ada, ki riƙe mai kyau

Goyon ciki, a kai mai cikin fari gidan iyayenta wajen wata na bakwai, abu ne mai kyau, hutu ne da sada zumunci. Sai dai ki tafi da katin awonki ki ci gaba a asibitin can, kuma tun kafin ki tafi a yi magana da su Baba cewa in naƙuda ta zo ba sai an jira izinin miji daga wani gari ba, ya bayar tun yanzu.

Hana mai ciki ƙwai wai ɗan zai yi sata camfi ne, ki ci ƙwai, wake, zogale, hanta kaɗan, kifi, abin da ya sawwaƙa. Maganin zaƙi da ake dafa wa mata a watan ƙarshe ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, wani yana tayar da naƙuda da ƙarfin tsiya, ki bar shi. Rubutun sha malamai sun yi saɓani a kansa, akwai magabatan da suka halatta in ayoyin Alƙur'ani ne zalla, akwai waɗanda suka ƙi, amma wanda aka cika da hatimi da sunayen da ba a san ma'anarsu ba, da guru da layar da ba ki san me aka naɗe ciki ba, ki nisance su. Tofin da kika yi wa kanki da Fatiha ya fi.

In Hajiya surukarki ce ta kawo, kada ki yi mata gatsali, don ƙaunar jikanta ta yi. Ki karɓa da hannu biyu ki ce an gode Allah ya saka, sannan ki bar ɗanta ya yi mata bayani cewa a asibiti an hana haɗawa da wani magani.

Hattara babba: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, sannan jijjiga. Wannan hawan jinin ciki ne, ba iska ba ce. Ana iya yi mata addu'a a cikin mota, amma kada a tsaya hayaƙi da ruƙiyya a ɗaki, yana kashe uwa da ɗa cikin awoyi.

9. Wata bakwai zuwa takwas, shiri

Ki haɗa jaka: katin awo, jerin kayan da asibitinku suka rubuta miki, zannuwa, audugar mata, kayan jariri, hijabi mai sauƙi, dabino. A ware kuɗin mota da na ko-ta-kwana daban da na suna, a samu lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗauka ko ƙarfe biyun dare ne, a san ɗan uwan da zai ba da jini in an buƙata. Kuɗin rago a fara tarawa tun wata na huɗu, adashi ma ya yi, in da wuri a gidan a sayi ƙarami a kiwata ya fi araha.

Ku zauna da maigida ku zaɓi suna biyu, na namiji da na mace. Annabi ya ce mafi soyuwar sunaye a wajen Allah Abdullahi da Abdurrahman. In hoto ya nuna mace ce kuma kika ga fuskar wani ta canza a gidan, ki karanta masa Shura aya ta 49 da 50, inda Allah ya fara ambaton kyautar 'ya'ya mata kafin maza. Ki nemi yafiyar waɗanda kuka saɓa, ki faɗi bashin da ake binki, ba fata ba ne, sunna ce mutum ya kwana da wasiyyarsa. Daga wata na bakwai ki dinga kwanciya a gefe, ki bar rigingine.

10. Naƙuda

In ciwon ya fara kuma ba jini, sallah tana kanki, ki yi ta yadda kika iya ko da nuni ne, ki yi da wuri kafin ya tsananta. Abin da za ki riƙe a baki gajere ne, "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin", da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", da istigfari. In kin kasa ko ɗaya ki ce ya Allah, ya isa. Nana Maryam da kanta da ciwon ya kai mata ta ce ina ma na mutu kafin wannan, Alƙur'ani ya kawo maganar bai zarge ta ba, don haka dauriyar nan ta cikin fari da ake cewa kada a ji muryarki, kada ta sa ki ɓoye naƙuda a ɗaki ke kaɗai.

Faya ta fashe, ko jini, ko ciwo na zuwa a jere, a tafi. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida haɗari ce, daga nan ake samun yoyon fitsari, kuma kada a yarda kowa ya kawo aska da sunan yankan gishiri. In mace ce a bakin aiki alhamdulillahi, in namiji ne kawai likitan larura ta halatta. In an ce sai tiyata, Malam maigida ka sa hannu, kada ka tafi neman shawarar dangi.

11. Daga haihuwa zuwa suna

A ɗora miki shi a ƙirji, ki ba shi nono cikin awa ɗaya. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Taɓa masa ɗan laushin dabino a dasashi sunna ce, haka aka yi wa Abdullahi ɗan Zubairu da Asma'u 'yar Abubakar ta haifa a Ƙuba bayan ta yi hijira da tsohon ciki, amma shafawa ce kaɗan da hannu mai tsabta. Banda zuma kafin shekara ɗaya, banda ɗura ruwan rubutu. Kiran sallah a kunne an saba yi, malamai sun yi saɓani kan ƙarfin hadisin, kada a yi rigima da wanda ya yi ko ya bari. Ki dinga yi masa addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, tana cikin Hisnul Muslim. Cibiya a shafa maganin da asibiti suka bayar kawai, a karɓi allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon foliyo.

Suna ranar bakwai, kuma a Malikiyya ba a lissafa ranar haihuwar in bayan alfijir aka haihu, shi ya sa wanda aka haifa Talata ake sunansa Talata. Dabba ɗaya ta isa ga namiji ko mace a wajenmu, wasu mazhabobin biyu ga namiji, sharaɗinta irin na layya. A yi aski, a yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa. In babu halin rago ba zunubi, a raɗa suna, kada a ci bashi don anko da kiɗa.

12. Biƙi da arba'in

Wannan shi ne wanda ya fi damuna. Wata baiwar Allah a ajinmu, haihuwa biyar, da muka karanta wajen a Ahalari sai ta fashe da kuka, ashe duk haihuwar sai ta cika arba'in cif take fara sallah, alhali jininta sati uku yake ɗaukewa, haka ta ga ana yi a gidansu. Hukuncin shi ne da jini ya ɗauke, ko ranar haihuwar ce, ki yi wankan tsarki ki yi sallah. Arba'in ba wa'adin hutu ba ne. Mafi tsawon biƙi a Malikiyya kwana 60, a wajen mafi yawan sauran malamai 40, abin da ya wuce haka jinin cuta ne, ki yi wanka ki yi sallah ki kuma koma asibiti. Alamar tsarki bushewa ce, ki sa farin ƙyalle ya fito ba komai, ko farin ruwan nan da yake zuwa a ƙarshe. In ya ɗauke ya dawo kafin kwana 15 ana haɗa shi da biƙin, in bayan 15 ne haila ce sabuwa. Ki dinga rubuta ranakun. Sallolin kwanakin jini ba a rama su, azumi ana ramawa. Wadda aka yi wa tiyata kuma aka ce kada ruwa ya taɓa ɗinki ta tambayi malama yadda za ta yi shafa ko taimama, ba ta bar sallah ba.

Wankan jego daban, wankan tsarki daban, ganyen darbejiya da ruwan zafi ba sa ɗauke hadasi sai da niyya da game jiki da ruwa tsarkakakke wanda ganye bai canza shi ba. Ruwan jegon ma a sirka shi, kunun kanwa a rage kanwar sosai, likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In kin ji haki, ko ƙafa ta kumbura, ko ba kya iya kwanciya sai kin jingina, ko jinin ya yi wari da zazzaɓi, a koma asibiti ranar. Cikin kwanakin jini azkar ɗinki na safe da yamma suna nan, ki saurari karatu a waya ko rediyo lokacin shayarwa, sannan ki sa ranar komawa Islamiyya a littafin nan, ki tafi da jaririn a baya, ki zauna layin kusa da ƙofa.